Taswirar Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam: Ina Kuɗin Gwamnatoci Suka Tafi, Me Kuma Aka Samu?



Da wuya a sami zuri'a a cikinmu wadda cutar da ta shafi ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ba. Wani gidan yaro ne mai farfaɗiya, wani gidan dattijo ne da ɓarin jikinsa ya shanye dare ɗaya, wani kuma tsohuwa ce da ta daina gane 'ya'yan da ta haifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Masu cutar mantuwa ta tsufa kuwa sun haura miliyan 55.

Tun daga shekarar 2013 wasu manyan gwamnatoci suka ware biliyoyin kuɗi domin a zana taswirar ƙwaƙwalwa. Mai karatu zai iya tambaya: to bayan shekara goma da ɗoriya, ina maganin? Amsar ita ce mafi yawan kuɗin tun farko an ware su ne domin ƙera kayan aikin da za a ga ƙwaƙwalwar da su, saboda ba a gyara abin da ba a iya gani. A wannan rubutu za mu bi sawun kuɗin, mu ga yadda ake raba su, da abin da suka haifar, da haɗarin da ke gaban aikin a yanzu.

Mece ce taswirar ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kamar yadda wata masaniya 'yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙirga a 2009. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar bishiya, tana aika saƙon lantarki zuwa ga wasu ƙwayoyin ta wuraren da rassan suka haɗu, waɗanda za mu kira mahaɗai. Ƙwaya ɗaya tana iya samun mahaɗai dubbai. Gani da ji da magana da tunawa da motsa yatsa duk suna faruwa ne ta hanyar saƙonnin da ke ratsa waɗannan mahaɗai.

Saboda haka taswirar ƙwaƙwalwa hawa uku ce, kamar taswirar gari. Hawa na farko shi ne sanin unguwanni, wato wane sashe ne ke kula da gani, wane ne ke kula da magana. Na biyu shi ne sanin mazauna, wato ire-iren ƙwayoyin da ke kowane sashe. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne sanin tituna da lunguna, wato wace ƙwaya ce ke haɗe da wace, kuma wane saƙo ne ke wucewa a tsakaninsu.

Neman wannan sani ya daɗe. Ibn Sina a littafinsa na likitanci, Al-Ƙanun, ya rarraba tunani da hasashe da tunawa ga kogunan da ke cikin ƙwaƙwalwa, bisa fahimtar likitocin zamaninsa. A 1909 wani likita Bajamushe, Korbinian Brodmann, ya raba ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa sassa masu lamba, kuma likitoci suna amfani da lambobinsa har yau. A 1986 masana a Kambirij ta Ingila suka wallafa cikakkiyar taswirar jijiyoyin wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal. Wannan aikin ya ci musu fiye da shekara goma, domin da hannu suke bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Idan 302 sun ci shekara goma, to biliyan 86 fa? Nan ne maganar kayan aiki ta taso.

Shirin Amurka na 2013

Ranar 2 ga Afrilu, 2013, shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya sanar da wani shiri da aka taƙaita sunansa da BRAIN, ya kuma nemi a ware masa kimanin dala miliyan 100 a shekarar farko. Hukumomi uku ne suka ɗauki nauyin kuɗin: Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa da ake kira NIH, da hukumar binciken ma'aikatar tsaro da ake kira DARPA, da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa. Hujjar da ya kafa ita ce aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka yi daga 1990 zuwa 2003 da kuɗin gwamnati, wanda daga baya ya haifar da masana'antu da gwaje-gwajen asibiti masu yawa.

NIH ba ta fara raba kuɗi nan take ba. Sai da ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin jagorancin Cornelia Bargmann da William Newsome, suka zagaya suna sauraron masu bincike, sa'annan suka miƙa rahoto a watan Yuni na 2014. Rahoton ya nemi dala biliyan 4.5 har zuwa 2025, ya kuma ba da shawarar a ƙarar da shekarun farko wajen ƙera sabbin na'urori da dabaru, a bar shekarun baya domin amfani da su wajen amsa tambayoyi. A ƙarshen Satumba na 2014 aka raba tallafin farko, dala miliyan 46 ga ayyuka 58. A Disamba na 2016 majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata dokar lafiya da ta ƙara wa shirin dala biliyan 1.5, a biya cikin shekara goma.

Me ya sa sai gwamnati? Domin ɗan kasuwa yana zuba kuɗi ne inda yake hangen riba kusa. Wanda zai shafe shekara takwas yana gyara na'urar yanka ƙwaƙwalwar ɓera ba shi da hajar da zai kai kasuwa, kuma idan ya yi nasara kowane mai bincike a duniya zai amfana ba tare da ya biya shi ba. Irin wannan aiki kamar gina rijiyar gari ne, kowa zai sha amma ba mai son haƙawa shi kaɗai. Misali, dabarar kunna ƙwayar jijiya da haske, wadda Karl Deisseroth da Edward Boyden suka nuna a jami'ar Stanford a 2005, ta samo asali ne daga wani sinadari da masana a Jamus suka gano a jikin gansakukar ruwa mai bin haske. Ba kamfanin magani da zai biya mutum ya zauna yana nazarin gansakuka, amma yau dubban ɗakunan bincike suna amfani da dabarar domin gane aikin kowane rukunin ƙwayoyi.

Yadda ake raba tallafin

Hukumar takan fitar da sanarwa ta ce tana neman, alal misali, na'urar da za ta saurari ƙwayoyi dubbai a lokaci guda. Mai bincike sai ya rubuta buƙata ta hannun jami'arsa, ya bayyana abin da zai yi, da yadda zai yi shi, da kuɗin da zai ci. Ana miƙa buƙatun ga kwamitin masana 'yan uwansa waɗanda ba su da alaƙa da shi, su ba da maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kowanne kyau. Daga nan wata majalisar ba da shawara ta sake dubawa kafin shugaban cibiya ya sa hannu. A shekarun baya kusan buƙata ɗaya cikin biyar ce ke samun kuɗi a NIH. Kuɗin suna shiga asusun jami'a ne, a riƙa fitarwa shekara-shekara, galibi tsawon shekara uku zuwa biyar, kuma daga cikinsu ake biyan albashin ɗalibai da ma'aikata, a sayi kayan aiki, a ciyar da dabbobin gwaji.

Akwai sharaɗi ɗaya mai muhimmanci da shirin BRAIN ya gindaya: wanda ya karɓi kuɗin jama'a dole ne ya ajiye bayanan da ya tara a rumbunan da sauran masana za su iya shiga. Wannan ya sa ɗalibi a Yamai ko Kumasi ko Garwa, muddin yana da kwamfuta da intanet, zai iya buɗe yawancin taswirorin nan ya yi nazari a kansu ba tare da ya biya ko sisi ba.

Turai ta bi wata hanya dabam

A wannan shekarar ta 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da nata shirin, ta yi masa alkawarin kuɗi har yuro biliyan ɗaya. Jagoransa na farko, Henry Markram na birnin Lozan a Suwizalan, ya taɓa cewa a 2009 za a iya kwaikwayon ƙwaƙwalwar mutum a cikin kwamfuta cikin shekara goma. Maimakon a raba kuɗin ga ƙananan ayyuka masu gasa da juna, sai aka tara su ƙarƙashin shugabanci ɗaya da buri ɗaya. Ba a yi nisa ba rigima ta ɓarke. A watan Yuli na 2014 ɗaruruwan masana suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kukan cewa mutane ƙalilan ne ke yanke shawara, kuma ana son gina kwaikwayon abin da ba a gama auna shi ba. A 2015 aka rushe shugabancin, aka sake tsari.

Shirin ya ƙare a Satumba na 2023 bayan ya ci yuro miliyan 607. Bai samar da ƙwaƙwalwar mutum a kwamfuta ba, amma ya bar taswirar sassan ƙwaƙwalwa mai zurfi da aka haɗa a cibiyar Jülich ta Jamus, da rumbun bayanai da masana ke amfani da shi. Darasin da masu rabon kuɗi suka ɗauka shi ne babban alkawari yana saurin jawo kuɗi, amma yana jawo zargi idan wa'adi ya cika. Japan ta fara nata shirin a 2014 ta mayar da hankali kan ƙwaƙwalwar wani ƙaramin biri, ƙasar Sin kuma ta ƙaddamar da nata a 2021.

Abin da kuɗin suka haifar

Mu fara da unguwanni. Wani aiki da NIH ta fara ɗaukar nauyinsa tun 2010 ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane masu lafiya kusan 1,200 da na'urar MRI. Daga bayanansa aka fitar da taswira a 2016 mai sassa 180 a kowane ɓangare na ɓawon ƙwaƙwalwa, 97 daga cikinsu ba a taɓa bayyana su ba.

Sai mazauna. A Oktoba na 2023 gungun masana da shirin BRAIN ya tallafa wa suka sanar da cewa sun bambance ire-iren ƙwayoyi fiye da 3,000 a ƙwaƙwalwar mutum. Bayan wata biyu aka fitar da ƙidayar ƙwaƙwalwar ɓera gaba ɗayanta, aka sami iri fiye da 5,000. Amfanin wannan ƙidaya shi ne cututtuka da yawa ba sa kama ƙwaƙwalwa duka, wani iri ɗaya suke kashewa. Cutar karkarwa ta Parkinson, alal misali, tana hallaka wasu ƙwayoyi ne masu samar da sinadarin dofamin a wani ɗan wuri can cikin ƙwaƙwalwa. Idan an san alamar da ta bambanta iri da iri, za a iya neman maganin da zai je gare su kai tsaye.

Sai tituna da lunguna. Yadda ake wannan aiki shi ne a daskarar da ɗan yankin ƙwaƙwalwa a cikin roba mai tauri, a yanka shi da wuƙar lu'ulu'u falle-falle, kowane falle ya fi silin gashi siranta fiye da sau dubu. Sa'annan a ɗauki hoton kowane falle da na'urar ƙara girman abu mai aiki da ilektiron, a jera hotunan, a sa ƙirƙirarriyar basira ta bi kowane reshe daga falle zuwa falle, mutane kuma su bi baya suna gyara kurakuranta. Da wannan hanya aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace a Oktoba na 2024, ƙwayoyi 139,255 da mahaɗai fiye da miliyan 50. A Afrilu na 2025 kuma aka wallafa taswirar wani yanki na sashen gani a ƙwaƙwalwar ɓera mai mahaɗai fiye da miliyan 500, bayan an riga an ɗauki hoton yadda ƙwayoyin ke aiki lokacin da ɓeran yake raye yana kallon bidiyo.

An taɓa ƙwaƙwalwar mutum ma. A 2024 masana daga jami'ar Harvard da kamfanin Google suka fitar da taswirar wani ɗan yanki da aka cire daga kan wata mata yayin tiyatar farfaɗiya. Girmansa kwatankwacin na ɗan ƙulli ne mai milimita ɗaya ta kowace fuska, bai kai ƙwayar gero ba, amma an sami ƙwayoyi kusan 57,000 da mahaɗai miliyan 150 a ciki. Hotunansa sun cika gigabait miliyan 1.4, wato abin da zai cika wayoyin hannu masu gigabait 64 kusan 22,000. Ƙwaƙwalwar mutum gaba ɗaya ta ninka wannan yanki fiye da sau miliyan ɗaya. Daga nan mai karatu zai gane nisan tafiyar da ta rage. Shi ya sa a 2023 NIH ta ware dala miliyan 150 na shekara biyar domin ƙera kayan da za su iya zana ƙwaƙwalwar ɓera ɗaya tukuna.

Ta ɓangaren marasa lafiya kuwa, an fara ganin alamu. A 2023 likitoci a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙarƙashin Edward Chang, suka shimfiɗa wani ɗan faifai mai maɓallan lantarki 253 a kan sashen magana na ƙwaƙwalwar wata mata da shanyewar jiki ta hana ta magana shekara 18. Kwamfuta ta koyi fassara saƙonnin da ƙwaƙwalwarta ke aikawa ga leɓe da harshe, har ta riƙa fitar da kalmomi 78 a minti ɗaya, alhali na'urar da take amfani da ita a da 14 take ba ta. A Fabrairu na 2025 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasa wa masu cutar Parkinson, wadda ke sauraron ƙwaƙwalwa tana daidaita ƙarfin lantarkin da take bayarwa gwargwadon bukata. Waɗannan nasarori ne na gaske, sai dai har yanzu mutane ƙalilan suka samu, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka a ko'ina yake.

Tambayoyin da kuɗi ba sa amsawa

Ba mu ga dalilin ɓoye cewa wani kaso na kuɗin daga hukumomin tsaro ya fito ba. DARPA ta bayyana cewa damuwarta ita ce sojojin da suka dawo daga yaƙi da rauni a ka ko taɓin hankali. Aikin ƙwaƙwalwar ɓeran da muka ambata kuwa, hukumar binciken ma'aikatun leƙen asirin Amurka ce ta fara ba shi dala miliyan 100, da burin a koyi dabarun da za su inganta ƙirƙirarriyar basira. Na'urar da ke karanta abin da marar lafiya yake son faɗa tana tayar da tambaya: wa ke da ikon mallakar bayanan da aka kwaso daga kan mutum? Ƙasar Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 domin kare irin waɗannan bayanai, jihar Kolorado ta Amurka ita ma ta yi doka a kansu a 2024. Sirrin zuciyar mutum amana ce, kuma ya dace malamai da masana shari'a su san abin da ke tafe tun kafin ya iso ƙofarmu.

Haɗarin yankewar kuɗi

A 2023 kasafin shirin BRAIN a NIH ya kai dala miliyan 680. A 2024 ya faɗo zuwa miliyan 402, a 2025 kuma zuwa miliyan 321. Babban dalilin shi ne dokar 2016 ta tsara kuɗinta hawa da sauka, kason 2023 miliyan 450 ne, na 2024 miliyan 172, na 2025 miliyan 91, kuma majalisa ba ta cike giɓin ba. Wannan ya zo daidai lokacin da kayan aikin suka nuna, aka fara girbi. Illar yankewar kuɗi a irin wannan fage ta wuce jinkiri. Ma'aikacin da ya ƙware wajen yanka fallen da ido ba ya gani ya shafe shekaru yana koyo, idan albashi ya tsaya zai nemi wani aikin, kuma dawowar kuɗi bayan shekara biyu ba za ta dawo da hannunsa ba.

Mu kuma ina rabonmu?

Ganin cikin ƙwaƙwalwa ya riga ya amsa wata tambaya da ta shafi 'ya'yanmu. Likitoci sun daɗe suna ganin zazzaɓin cizon sauro yana sumar da yara yana kashe wasu, ba tare da an tabbatar da abin da ke kashe su ba. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi, wani bincike da NIH ta tallafa wa ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da MRI. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na yaran da suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, har ta danne wurin da ke sarrafa numfashi. Haka nan wani babban bincike kan shanyewar ɓarin jiki a Gana da Najeriya, wanda asibitocin koyarwa na Kumasi da Kano da Zariya suke ciki, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin dalilan cutar a wannan yanki.

Duk da haka giɓin yana da faɗi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna cewa a ƙasashe matalauta ƙwararren likitan jijiya da ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga mutum miliyan ɗaya, a ƙasashe masu arziki kuwa sun kai 70. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samu. Maganin nan yana nan tun da daɗewa, kuma wasu nau'o'insa ba su da tsada.

Saboda haka bai kamata mu zauna jiran taswira ba. Mai farfaɗiya a kai shi asibiti, a daina ɓoye shi ko a cire shi daga makaranta. Wanda ya kai shekara arba'in ya riƙa auna jininsa. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga ko suma a garzaya da shi wurin likita a wannan sa'ar. Matasanmu masu karatun likitanci da lissafi da kwamfuta su sani cewa taswirorin nan a buɗe suke, ba a tambayar kowa fasfo kafin ya duba su. Shugabannin Afirka kuwa sun yi alkawari tun 2006 a Khartum cewa kowace ƙasa za ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta ga bincike, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna musu, domin wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen cutar da za a fara nema wa magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya ƙara mana ilimi mai amfani.